Garin da ya samu injinan caca da garin da aka hana

Wata yamma a lokacin zafi na zauna a bencin 'yan kallo na filin sukuwar Bangor, wani ƙaramin gari mai mutane kimanin dubu 32 a jihar Maine da ke can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka. Sukuwar da ake yi a nan ba irin wadda muka sani ba ce, domin ba a hawa dokin. Ɗaura masa ake yi wani ɗan keke mara nauyi mai ƙafa biyu, mai tuƙi ya zauna a kai ƙafafunsa a miƙe, ya riƙe dogon linzami, kuma doka ba ta yarda dokin ya wuce sassarfa ba, in ya ɓalle da gudu tilas a ja shi baya har ya dawo kan takunsa. Abin yana da kyawun kallo ƙwarai, musamman sa'ad da dawakin suka karyo kwana a jere ƙura na tashi a bayansu. Amma da na waiga na dubi waɗanda muke zaune tare, sai na ga ba mu da yawa, kuma galibinmu dattawa ne masu furfura, kowa riƙe da takardar jerin dawaki da alƙalami. A ƙetaren titi kuwa ga katafaren gidan caca da otal ɗinsa da benen ajiye motoci, mutane suna shiga suna fita, babu mai ko waiwayo filin da ya zama sanadin gina wurin.

Ni dai a wurina hukuncin caca sananne ne, haramun ce, kuma ba na neman wata hujja bayan wannan. Sai dai mutanen da nake zaune a cikinsu ba da wannan ma'aunin suke auna al'amarin ba. Tambayar da aka riƙa yi musu a akwatin zaɓe ita ce ko injinan caca a filin sukuwa za su tayar da garinsu daga komaɗar da ya yi, kuma tambaya ce da ta cancanci a amsa ta da abin da ido ya gani, tunda yanzu an yi shekara ashirin da doriya da fara gwajin.

A watan Nuwamba na 2003 aka gabatar wa masu zaɓe a Maine tambayoyi biyu kan caca a rana ɗaya. Ta farko neman izini ce ga ƙabilun asali na Passamaquoddy da Penobscot su gina babban gidan caca a garin Sanford, jama'a kuwa suka yi watsi da ita da gagarumin rinjaye. Ta biyu ita ce a bari a sa injinan caca a filayen sukuwa na kasuwanci, wato na Bangor da na Scarborough, kuma wannan ta wuce da ɗan ƙaramin rinjaye. Mutanen da suka ƙi caca da hannun dama su ne suka karɓe ta da na hagu, saboda an naɗe ta da maganar ceto dawaki da gonakin ciyawa da masu kiwo, an kuma haɗa da alkawarin taimaka wa tsofaffi da kuɗin magani da ɗalibai da tallafin karatu. Har sabon suna aka yi wa irin wannan wuri, ana ce masa racino, wato an gutsuro rabin kalmar filin sukuwa an liƙa da rabin kalmar gidan caca, don kada kunne ya ji caca tsagwaronta.

Ban san wata magana da ta dace da wannan ba kamar fakewa da guzuma a harbi karsana. Ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin yaƙin neman ƙuri'ar, Shawn Scott, ya riga ya sa hannunsa a filin Bangor tun kafin zaɓe, kuma bai daɗe ba bayan an ci zaɓen ya sayar wa kamfanin caca na Penn National a kan kimanin dala miliyan 51. Ba kuma wannan ne karonsa na farko ba, domin ya taɓa sayen filin Delta Downs a jihar Louisiana da araha, ya samo masa izinin injina, ya sayar a kan sama da dala miliyan 100. Abin da ke da daraja a irin wannan ciniki shi ne takardar izini, dokin kuwa mabuɗi ne kawai da ake buɗe ƙofa da shi.

Duk da haka zalunci ne a ce Bangor ba ta samu komai ba. An buɗe wurin wucin gadi a wani tsohon gidan abinci a 2005 da injina 475, sannan a 2008 aka buɗe ginin dindindin da ya ci sama da dala miliyan 130, da injina dubu ɗaya da otal. Dokar da majalisar jiha ta gyara a 2004 ta ce za a cire kashi 39 cikin 100 na abin da ya rage bayan an biya waɗanda suka ci, a raba shi gida-gida, kashi 10 daga cikin 39 ɗin ya tafi ga kyaututtukan da ake ba dawakin da suka yi nasara. Hukumar garin ta yi abin da ba kowace hukuma ke yi ba, ta tara rabonta ba ta watsa shi cikin hidimomin yau da kullum ba, ta ci bashin da za ta riƙa biya da shi, ta gina sabon zauren taro da wasanni na dala miliyan 65 wanda aka buɗe a 2013, ya maye gurbin tsohon zauren da ya tsaya tun 1955. Duk wanda ya bi ta babban titin zai ga ginin, da gunkin mai saran itace a gabansa yana tuna wa mutane zamanin da Bangor take cibiyar cinikin katako.

Abin da ba a gani daga titi shi ne aljihun da kuɗin ya fito. Bangor ba ta kusa da wani babban birni, tafiyar kimanin awa biyu ce daga Portland, birni mafi girma a jihar, don haka yawancin masu zama gaban injinan nan mutanen yankin ne, 'yan fansho da ma'aikatan da albashinsu bai taka kara ya karya ba. Injin caca kuma ba ya yin kuskuren lissafi, an tsara shi ne ya mayar da ƙasa da abin da aka zuba masa, kuma ba ya gajiya ba ya tashi salla ko cin abinci. Dalar da ta shige shi ita ce wadda da za ta je wurin mai gyaran mota ko mai gidan abincin unguwa. Idan aka kira wannan kuɗin shiga, to a gaskiya haraji ne da aka ɗora wa waɗanda suka fi rauni wajen kame kansu, kuma sai kamfani ya ɗauki kaso mafi tsoka ya fita da shi daga jihar kafin gari ya ga nasa. Akwai kuma wani haɗari na daban, shi ne gari ya ɗaura bashin gininsa a wuyan sana'ar da ba shi da iko a kanta. Da aka buɗe wani gidan caca a garin Oxford na jihar a 2012, cinikin na Bangor ya ragu, da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe ƙofofi na watanni, amma bashin zauren bai tsaya jiran kowa ba.

Su kuma dawakin da aka ce za a ceta, filin Scarborough Downs ya isa shaida. An buɗe shi a 1950, kuma mutanen garin sun ƙi yarda a sa masa injina a 2003, maƙwabtansu na Saco da Westbrook su ma suka ƙi a ƙarshen wannan shekarar, aka sake gwadawa a Scarborough a 2008 aka sake faɗuwa. Filin ya ci gaba da karɓar rabo daga kuɗin injinan Bangor shekara da shekaru, amma kuɗin bai dawo da 'yan kallo ba, domin tallafi yana iya sayen ciyawa da biyan mai kula da barga, ba ya iya sa matashi ya so abin da bai shiga ransa ba. A watan Nuwamba na 2020 aka yi tseren ƙarshe a wurin.

Kafin a kai ga wannan, masu filin sun nemi mafita a Biddeford, kuma labarin wannan garin ne ya fi tsaya mini a rai. Gari ne mai mutane kimanin dubu 22 a bakin kogin Saco, wanda masaƙu suka gina shi, suka jawo dubban ma'aikata masu magana da Faransanci daga Kanada, har masaƙa ta ƙarshe ta rufe a 2009. Wanda ya san yadda Kakuri ta Kaduna ta koma bayan an rufe masaƙunta zai fahimci irin shirun da ya sauka a garin. Ƙari a kan haka, tun 1987 akwai masana'antar ƙona shara a tsakiyar gari, manyan motoci suna kwaso bolar wasu garuruwa suna kawowa, har aka laƙaba wa Biddeford sunan garin shara. A cikin wannan hali aka zo musu da tayin gina sabon filin sukuwa da injinan caca da otal na dala miliyan 120, da alkawarin aiki ga mutum 500, a wani fili da ke bayan gari kusa da babbar hanya. Magajiyar garin ta lokacin, Joanne Twomey, ta tsaya kai da fata a kan aikin, mutanen gari kuma suka amince a ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamban 2010.

Ba na ganin laifin waɗanda suka ce sun yarda. Mutumin da ya yi shekara talatin a gaban injin saƙa aka sallame shi, in ka ce masa ga aiki tafe, ba zai tsaya tambayar launinsa ba. Amma tun a kan takarda ana iya ganin inda tsarin ya karkace, domin gidan caca ana gina shi ne yadda wanda ya shiga ba zai so fita ba, abinci yana ciki, makwanci yana ciki, wurin ajiye mota yana ciki. Baƙon da ya sauko daga babbar hanya ya shige nan ba shi da dalilin da zai kai shi tsakiyar gari ya sayi ko da kofin shayi. Ana kiran aikin raya gari, alhali garin kansa yana gefe.

Doka ta bukaci amincewar jiha baki ɗaya, kuma a Nuwamban 2011 masu zaɓe suka ƙi, suka kuma ƙi wani tayin na gidan caca a tsohuwar masaƙar garin Lewiston. A wannan ranar ce Alan Casavant, tsohon malamin sakandare kuma ɗan majalisar jiha, ya kayar da magajiyar garin. Shekarar da ta biyo baya hukumar garin ta yi abin da a ganina shi ne ainihin aikin raya gari, ta sayi masana'antar ƙona sharar a kan dala miliyan 6.65 don kawai ta rufe ta, aka daina ƙona shara a ƙarshen 2012, aka rushe ginin. Kuɗi ne mai yawa ga ƙaramin gari, kuma ba ya kawo ribar da za a ƙirga a ƙarshen wata, amma ya cire abin da ke korar mutane. Masu gyara tsofaffin masaƙu, waɗanda dama sun fara aikinsu a hankali, suka samu ƙwarin gwiwa, bankuna suka daina ja da baya.

Na shiga ɗaya daga cikin gine-ginen nan na jan bulo wata ranar Asabar da safe. Daɓen katakon yana nan yadda yake tun zamanin saƙa, da baƙaƙen tabon mai a inda injina suka taɓa zama, amma a gefe ga mai gasa burodi, gaba kaɗan ga mai ɗinka jakunkunan fata, a saman bene kuma gidajen haya ne masu dogayen tagogi suna kallon kogi. Wata tsohuwa da na taimaka wa da riƙe ƙofa ta nuna mini wani lungu ta ce a nan mahaifiyarta ta yi aiki, ta kuma ce a da ko taga ba sa iya buɗewa in iska ta juyo daga wajen sharar. Kowane ɗan shago a wurin ƙarami ne, in ɗaya ya mutu wani zai karɓi ɗakin, kuma kuɗin da na ba mai burodin na san a cikin garin zai kwana. Daga baya an mayar da wata masaƙar otal da gidaje, an gina benen ajiye motoci a filin da ake ƙona shara a da.

Shi ma filin Scarborough, wanda aka sha cewa in babu injina zai zama kufai, wasu magina 'yan yankin sun saye shi a 2018 a kan dala miliyan 6.7, eka kusan 500, suna gina gidaje da wuraren sana'a, har kamfanin Costco mai manyan kantunan sayayya ya buɗe shagonsa na farko a jihar a can a 2023. Shawn Scott ya sake dawowa a 2017 da tayin wani gidan caca a kudancin jihar, sama da kashi 80 cikin 100 na masu zaɓe suka ce ba sa so.

Sai dai farfaɗowar Biddeford ta zo da nata ciwon, kuma wannan ne ya fi damuna a yanzu. Da gari ya yi kyau sai kuɗin haya ya tashi, waɗanda suka jure warin shara shekara ashirin da biyar saboda nan ne kaɗai ƙarfinsu ya kai, su ne na farko da aka fara turewa. Wani abokin aikina mai 'ya'ya uku ya zauna a gida ɗaya kusa da kogin tsawon shekaru, aka sayar da gidan, sabon mai shi ya yi fenti ya sauya tagogi ya aiko da takardar ƙarin haya da ya fi ƙarfin albashinsa. Ya koma wani ƙauye can ciki, yana tuƙa mota kusan awa ɗaya kullum kafin ya iso wurin aiki, kuma yaransa sun bar makarantar da suka fara tun suna ƙanana. Na taya shi loda kaya a ranar tashi, da muka biyo ta babban titi ya rage gudu a gaban masaƙar da kakansa ya yi aiki, ya ce da ma majalisar gari ta sa wa magina sharaɗin ware wasu ɗakuna masu rahusa tun ranar da aka rufe wurin sharar, lokacin da filaye ba su yi tsada ba.