Saƙonni sun biyo ni sabuwar kwamfuta, adireshin mutane sun ƙi

Da na sauya kwamfuta, mai gyara ya haɗa min manhajar imel ta Outlook, ya shigar da asusun imel ɗina ta hanyar IMAP, saƙonni kuwa suka sauko ƙwansu da ƙwarƙwata, har na shekarun baya. Na buɗe littafin adireshi, ba kowa a ciki. Ko suna ɗaya.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka Malam, komai yana kan intanet, zai sauko a hankali." Wannan maganar har yau tana min ciwo, domin ita ta kusa sa na rasa komai. Ba gaskiya ba ce. IMAP saƙonni da foldojinsu kaɗai yake ɗauka tsakanin kwamfuta da saba, wato babbar na'urar da ke ajiye imel a intanet, ba ruwansa da sunayen mutane ko kalanda. Tun daga Outlook 2013, idan asusunka na IMAP ne, sunayen da ka adana suna zaune ne a cikin fayil mai ƙarshen .ost a kan na'urarka, kuma a gefen sunan foldar an rubuta da Turanci cewa a wannan kwamfutar kaɗai take. Rubutun yana nan ɓaro-ɓaro a tsohuwar na'urata. Kwamfutar kuma tana kan teburinsa, cikin waɗanda zai goge washegari, tunda "komai yana kan intanet".

Kafin in gano haka na bi hanyoyin da kowa ke bi. Na duba ko an cire alamar da ke sa foldar sunaye ta bayyana a matsayin littafin adireshi, wadda take cikin saitin foldar. Wannan yakan ɓoye sunaye alhali suna nan lafiya lau, kuma gyaransa dannawa ɗaya ne. Nawa alamar tana nan. Na duba kwandon shara, na shiga asusun ta burauza, shiru. Rashin ganinsu a burauza ne ya ankarar da ni: in da sunayen sun taɓa zuwa saba, da na gan su a can.

Na karɓo tsohuwar kwamfutar hannuna na rawa. Mai gyaran ya so ya kwafo fayil ɗin .ost kawai ya liƙa a sabuwar, amma wannan fayil a ɗaure yake da asusun da ya haife shi, ba a buɗe shi a wata na'ura kamar yadda ake buɗe .pst, fayil ɗin da Outlook ke fitar da bayanai a ciki. Dole sai an kunna Outlook a tsohuwar an fitar da foldar sunayen daga ciki. Mun fara da CSV, wato fayil na rubutu zalla, sai ga sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ sun fito da alamar tambaya a madadin haruffan. Muka sake da .pst, suka fito daidai, har da hotuna da bayanan da na rubuta a ƙarƙashin wasu.

Abin da ya fi tayar min da hankali bayan na gano lamarin shi ne shawarar da ake yawan bayarwa idan imel ya yi gardama: cire asusun ka sake shigar da shi. Ga saƙonni babu laifi, za su sake saukowa. Ga sunayen da ke wannan foldar kuwa, cire asusun yana tafiya da su ne, kuma babu inda za su sauko daga. Duk wanda ya ce maka ka yi haka, ka dakatar da shi har sai ka fitar da sunayenka tukuna.

Ina cikin murna sai na lura mutanen da na fi rubuta wa ba sa cikin waɗanda suka dawo. Wanda muke musayar saƙo kusan kullum, babu shi. Ashe waɗannan ba su taɓa shiga littafin adireshi ba. Idan ka buga harafin farko suna ya faɗo maka, ba lallai daga littafin ya fito ba. Akwai wani jeri daban da manhajar ke tarawa da kanta daga waɗanda ka aika wa saƙo. A Outlook 2007 da na gabaninsa, fayil ne mai ƙarshen .nk2. Daga 2010 aka sauya tsarin, ana samun kwafinsa a wata folda mai suna RoamCache. Jerin yana da iyaka, idan ya cika tsofaffi ne ke faɗuwa. Shekaru ina jingine da shi ina ganin kamar rumbu ne, ashe inuwa ce kawai.

Waɗannan sai da na bi foldar saƙonnin da na aika, ɗaya bayan ɗaya, ina danna sunan mutum ina adana shi da hannu. Aiki ne mai cin rai, amma ya yiwu, saboda saƙonnin suna nan.

Yanzu sunayena suna cikin asusun da ke daidaita su da saba, kuma gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in ƙara suna a kwamfuta, in shiga ta burauza in ga ko ya bayyana. Masu ajiye nasu a Google suna da damar mayar da littafin yadda yake har kwana 30 baya, su ma su sani bayan nan damar ta wuce. Masu manhajar imel ta Thunderbird kuma, nasu yana cikin fayil mai suna abook.sqlite a foldar bayanansu, shi ma a kan na'ura yake sai in an haɗa shi da CardDAV, hanyar da ke daidaita sunaye da saba. Tsohuwar kwamfutar ban bari an goge ta ba sai da na gwada adadin sunayen da ke cikinta da na sabuwar, na ga sun zo ɗaya.