Sanya wa tsohon babur janti na alminiyam: inda aikin yake shi ne zoben tazara

Duk mai riƙe da tsohuwar Honda CG125 a Damagaram, ko ɗaya daga cikin baburan China da aka kwaikwayi ƙirarta, ya san lokacin da wayoyin ƙafa ke fara gajiya: wannan ta tsinke, waccan ta saki, janti, wato da'irar ƙarfen da taya ke zama a kai, ya soma rawa, kullum mutum yana wurin mai ɗaurin waya. Honda ta fito da wannan babur a 1975 da ƙafafu masu waya na inci 18, kuma tun da janti na alminiyam ya cika shagunan kayan babur, mafi yawansa daga Kano, mutane da dama suke sha'awar sauyawa. Ni ma na sauya wa nawa, kuma abin da na gani shi ne sayen jantin ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke sa babur ya tafi daidai ko ya riƙa ja gefe shi ne ƴan zobban ƙarfen nan da ke zama a kan aks (sandar ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kanta), waɗanda da wuya mai saye ya tambaya a kansu.

Idan an ɗaure notin aks, ƙarfin ɗaurin yana bi ne ta layi guda na ƙarfe: daga sandar shok zuwa zoben waje, zuwa zoben ciki na boris (ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke sa ƙafa ta juya sumul), zuwa bututun da ke ɓoye tsakanin boris biyu a cikin cibiya, sannan ya fita ta ɗaya gefen. Wannan layi gaba ɗaya a tsaye yake, cibiya da janti ne kawai ke juyawa a kewayensa. Saboda haka bututun tsakiyar nan, da ba a ganinsa sai an cire boris, shi ne na fi damuwa da shi. In ya gajarta, ko kuma babu shi sam, kamar yadda akan tarar a jantin da aka sayo na hannu, ɗaurin noti zai danne ƙwallayen boris ta gefe, alhali an yi su ne don ɗaukar nauyi daga sama, sai su yi zafi su cinye cikin ɗan lokaci. Tsohon makaniken da ya yi mini aikin bai fara da komai ba sai da ya zura ɗan yatsa ta ramin boris ya taɓa bututun: yana so ya ji shi a matse tsakanin boris biyun, yana ɗan motsawa da ƙyar, ba yana karkaɗawa ba. Ya buga boris na farko har ya zauna a gindinsa, ya saka bututun, sannan ya shigar da na biyu a hankali har ya taɓa shi, ya tsaya nan.

Kafin a kai ga wannan ma, sai an duba ko kaurin aks ya dace da ramin boris. Lambar da ke jikin boris tana faɗin komai: 6301 raminsa milimita 12 ne, faɗinsa na waje 37; 6202 raminsa 15, wajensa 35; 6302 kuwa raminsa 15, wajensa 42. Idan jantin an yi shi ne don aks mai milimita 15 alhali babur ɗin na 12 ne, ko dai a nemi boris da zai dace ciki da waje, ko a sa mai injin tur, wato injin da ke juya ƙarfe yana fere shi, ya yanka hannun ƙarfe da zai cike bambancin. Naɗa gwangwani a jikin aks ba gyara ba ne.

Awon zobban waje shi ne wurin da gaggawa ke ɓata aiki. Mutane sukan auna gurbin da ya rage su raba biyu, amma cibiyar ƙafa ba lallai ta kasance a tsakiyar janti ba, domin gefen birki ya fi cin wuri. Abin da ake so ya zauna a tsakiya shi ne inda taya ke taka ƙasa. A ce tsakanin sandunan shok milimita 140 ne. Ke nan tsakiyar janti dole ta kasance milimita 70 daga kowace sanda. Idan daga tsakiyar janti zuwa fuskar boris na hagu 36 ne, zuwa na dama kuma 44, to hagu na bukatar 34, dama na bukatar 26, kuma idan murfin birki ya riga ya cinye 30 a hagun, zoben da za a yanka na milimita 4 ne kacal. Wanda ya raba gurbin milimita 60 ɗin gida biyu, 30 da 30, zai ga ƙafa ta shiga, noti ya ɗauru, amma tayar ta kauce da milimita 4, babur zai riƙa neman gefe guda duk lokacin da aka sassauta hannu.

Ba na yarda da tara rondel (siraran faifan ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti) uku ko huɗu don cike gurbi, ba na kuma yarda da guntun bututun ruwa da aka yanke da zarto. Fuskar zobe dole ta zama a miƙe sarai, abin da injin tur kaɗai ke iya bayarwa, kuma kaurinsa na waje dole ya dace da leɓen robar da ke tare ƙura a bakin cibiya. A garin da hunturu ke zuwa da buji, ana kuma ratsa rairayi a lungunan Birni da Zango, zoben da ya yi wa robar nan siriri ƙofa ce ga yashi, yashi kuwa idan ya gauraya da giris sai ya riƙa cin boris kamar dutsen wasa wuƙa. Don haka boris mai rufin roba gefe biyu, wanda ake rubuta wa 2RS, ya cancanci ɗan ƙarin kuɗinsa.

Ƙafar baya ta fi rigima, domin abu uku ne za su daidaita lokaci guda: taya ta bi sawun ta gaba, farantin haƙora na baya ya yi layi ɗaya da ƙaramin na inji, murfin birki kuma ya kama maƙalinsa sosai. Ana fara daidaita taya da zare biyu da aka ja daga baya zuwa gaba, suna shafar gefen tayar baya, a ga ko tazarar da ke tsakaninsu da tayar gaba ɗaya ce hagu da dama. Bayan nan sai a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar farantin a ga inda ya nufa. In bai yi layi ba, farantin ake gyara wa zama, ba a tura ƙafar gaba ɗaya gefe don a gamsar da sarƙa. Maƙalin birkin kuwa ba wurin sassauci ba ne, domin murfin da ya kuɓuce yana juyawa tare da ƙafa ya naɗe sandar birki, ƙafar ta ƙame nan take.

Ko ya dace a sauya ɗin ma, wannan ya danganta da inda babur ke zuwa. A kwaltar cikin gari alminiyam hutu ne, musamman idan jantin na taya marar tub ne, domin ƙaya ko ƙusa ba ta sauke iska farat ɗaya. Sai dai a duba rubutun jikinsa, ba kowane janti na zubi aka yi don hakan ba. Mai shiga ƙauyukan Tanut ko Magariya ta hanyar daji kuwa ina ba shi shawarar ya zauna da wayarsa, domin waya tana lanƙwasa ta sha duka a sake ɗaure ta, alminiyam kuwa tsagewa yake, waldarsa kuma ba abin dogaro ba ce. Yamaha XT500 da Cyril Neveu ya ci tseren Paris zuwa Dakar na farko da ita a 1979, tseren da ya ratsa Agadas, mai waya ce, kuma har yau baburan tseren sahara ba su bar waya ba.

Wurin ɗauri na ƙarshe, a ƙafar gaba notin aks ake fara matsewa, a danna shok sau da yawa don sandunan su sami mazauninsu, sannan a ɗaure ƙananan notocin da ke kama aks, in babur ɗin yana da su, a saka sabon fil na kulle noti. A ɗaga ƙafar a juya ta da hannu: idan tana gudu kafin ɗauri amma ta yi nauyi bayansa, bututun tsakiya ya gajarta, sai a sake buɗewa. Bayan ɗan zagaye ba tare da yawan taka birki ba, a taɓa cibiyar kusa da boris. Ɗumi ba laifi, amma zafin da hannu ba ya iya jurewa alama ce cewa akwai awon da za a sake.