Abin da na koya a sashen masu yoyon fitsari

Lokacin da aka tura ni sashen masu yoyon fitsari a matsayin ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, na ɗauka aikina bai wuce cike takardu da nema wa marasa hali tallafin kuɗin magani ba. Na san cewa tun a shekarun 1980 da likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara yi wa mata tiyatar gyaran yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, dubbai sun samu waraka, don haka na zaci da zarar an ɗinke inda doguwar naƙuda ta huda mafitsara, magana ta ƙare.

Wata yarinya ce ta fara gyara mini wannan tunani. Na ba ta kujera ta ƙi zama, sai ta shimfiɗa leda a ƙasa ta zauna a kai, kanta a sunkuye. Sai da muka yi kwana uku muna gaisawa kawai kafin ta gaya mini cewa ta rage shan ruwa don kada ta jiƙe, an ware mata kwano a gida, kuma ta daina salla tun da abin ya same ta, domin tana ganin ba ta da tsarki. Wannan na ƙarshe ya fi komai tsaya mini a rai. Na gayyato wata malama ta bayyana wa matan ɗakin cewa a mazhabar Malikiyya fitsarin da yake zuba a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, kuma da la'asar ɗin ranar na ga yarinyar a kan sallaya.

Raka ta gida bayan an yi mata tiyata ya fi wuya. Likita ya gindaya sharuɗɗa: miji ya ƙaurace mata na wasu watanni, in ta samu ciki ta riƙa zuwa awo, haihuwa kuma sai a asibiti ta hanyar tiyata. Da na isa ƙauyen, na zayyana wa mijin waɗannan a zaure gaban 'yan'uwansa, shi kuwa ya ji kamar laifi nake ɗora masa, ya tashi ya bar ni. Kuskuren nawa ne. Da na koma, sai na fara da gidan mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema," sannan na shiga wurin uwar mijin, wadda ita ce mai yanke shawarar inda za a haihu. Na ce mata, "Inna, amana na kawo miki." Ita da kanta ta kira ɗanta, ta kuma amince a riƙa tara kuɗin mota daga cinikin sabulun da yarinyar ta koyi haɗawa kafin a sallame ta.

Har yanzu ina kiran wayar mai unguwar a farkon kowane wata in tambayi lafiyarta.