Coventry, garin da tsohuwar mota ba ta mutuwa

Bikin kammala karatun ɗan yayata ne ya kai ni Coventry a Ingila. To ni a Ƙofar Ruwa na tashi, cikin kayan mota, don haka ana gama ɗaukar hotuna na ce masa, "Ba nan ne garin Jaguar ba? Kai ni in gani." Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Kawu ban taɓa zuwa ba." Yaran yanzu ke nan.

Zancen hanya babu abin faɗi, in ban da wani mai sayar da tikiti da na gaisar, ya ƙi ko ɗago kai, ya nuna mini allo da bakin biro. Na haɗiye. Ga tsadar tikitin, duk wanda ya tsaya lissafa fam da naira a ƙasar nan ba zai fita ƙofar gida ba.

Gidan tarihin motocin, British Motor Museum, yana wani ƙauye da ake kira Gaydon, kudu da Coventry, kuma a nan ake ajiye tsofaffin motocin Jaguar. Wadda ta tsayar da ni ita ce D-type. Koriya ce shar, ba rufi, ƙasa-ƙasa har da ƙyar ta kai mini ƙugu, ga wani fiffike a tsaye bayan kan direba. Wani dattijo daga masu zagayawa da baƙi ya ga na durƙusa ina leƙen ƙarƙashinta, ya matso yana dariya. Shi ya ba ni labari. Wanda ya zana jikinta, Malcolm Sayer, daga aikin jirgin sama ya zo, shi ya sa aka yi ta yadda iska za ta zame a kanta, fiffiken kuma don kada ta yi rawa ne in gudu ya haura kilomita 270 a awa. Ta ci tseren Le Mans na Faransa, wanda ake awa 24 ana yi dare da rana, a 1955 da 1956 da 1957. A na ƙarshen, motocin D-type ne suka zo na ɗaya zuwa na huɗu, da na shida. Nasarar 1955 kuwa ba ta yi wa kowa daɗi ba, domin ran nan ne wata Marsandi ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu.

Na tambayi kuɗinta, ɗabi'ar ɗan kasuwa. Ya ce wadda ta ci tseren 1956 an yi gwanjonta a Amurka a 2016 kan dala miliyan 21 da ɗoriya. Na yi salati. Motar da ko wurin sa buhun shinkafa babu!

Dattijon nan mutumin kirki ne. Da ya ji sana'ata, sai ya ce mu zo gidansa washegari. Uwargidansa ta tarbe mu da shayi da biskit, shi kuma ya ja mu garejin bayan gida, inda yake ta fama da wata E-type, ƙanwar waccan, wadda aka fara fitarwa a 1961. Babbar abokiyar gabarsa tsatsa ce, saboda gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye ƙasan mota. Ya nuna mini inda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya yi waldar sabo, ya cike gaɓar da narkakkiyar dalma maimakon fila. Na shafa, hannuna bai gane mahaɗar ba. Sannan ya tura bonet ɗin gaba, ya tada injin mai silinda shida, ya ɗauko guntun tiyo ya kafa a kunne, yana bin kafireta uku ɗaya bayan ɗaya, yana murɗa sukuru kaɗan-kaɗan har hucinsu ya zo daidai. Na ce, "Baba, ai haka makanikanmu ke yi, da kunne." Ya ji daɗi ƙwarai.

Inda suka bar mu shi ne takarda. Ya ɗauko fayil mai kauri: shaidar ranar da aka ƙera motar, lambar shasi, lambar inji, launin fentinta na asali, da rasit na duk wani gyara. Ya ce in lambar injin ta saɓa da ta takarda, kuɗin motar ya faɗi, komai kyanta. Mu kuwa inji na fara hayaƙi sai a tuge shi a dasa na Belgium. Hannu muna da shi, fanel-bitan Kano ba sa jin tsoron kowa. Amma cikin fijo 504 da aka haɗa a Kaduna tun daga 1975, guda nawa suka rage? Ta mahaifina 'yan gwangwan ne suka auna ta a sikeli, ga shi ƙasarmu busasshiya, tsatsa ba ta dame ta ba.

Da za mu tafi na miƙa masa turaren da na zo da shi, ya yi ta godiya har na ji kunya.

Filin tseren motoci na Silverstone mun leƙa, ruwa ya kore mu. Landan cunkoso ne da tsadar abinci, na ci wani soyayyen kifi da dankali da babu ko yaji, na kama hanyar filin jirgi.