Ashe faifan ne ya cika

Kwana uku ina fama da kwamfutar gida. Duk sanda ta fara sabunta Windows sai ta yi nisa, ta cije, ta sake tashi, ta koma gidan jiya. Na zargi intanet, na zargi manhajar kariya har na kashe ta. Shiru kake ji.

Jiya dai na natsu na kwafi lambar matsalar: 0x80070070. Ashe ma'anarta wuri ya ƙare a faifai, wato ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar. Da na duba, giga biyu kacal suka rage, tsofaffin bidiyoyin da ni kaina na manta da su sun cinye komai. Kunya kamar in nutse! Na kwashe su zuwa filashi, na share tarkace, na sake gwadawa. Ko awa ɗaya ba a yi ba ta kammala.

Af, sai yanzu na tuna ban mayar da manhajar kariyar ba.