Abin da toka ta koya min a gidan gasa tangaran

Akwai wani kwano da har yau yana nan a kan kanta a ɗakina, ban yar da shi ba kuma ba na cin abinci a ciki. Na saye shi ne tun kafin in fara koyon aikin tangaran, lokacin ina cikin zumuɗin tara kayan da magina suka yi da hannunsu, kofuna ne, butocin shayi ne, ƙananan kwanuka ne, irin wanda mutum ɗaya ya gina ya shafa ya gasa, ba na kamfani ba. Mai sayarwar ya juyo min gindin kwanon ya nuna min wani ɗan hatimi mai rubutun ajami yace ai daga tsohon gidan tukwane na Abuja ya fito, na zamanin Ladi Kwali ne. Ina jin sunan shahararriyar maginiyar tukwanen nan na zaro kuɗi, kusan rabin albashina na wata a lokacin.

Bayan kamar shekara ɗaya da na fara zuwa wajen Malam, dattijon da na koyi aikin a hannunsa, sai na naɗo kwanon a tsumma na kawo masa. Ko kallon hatimin bai yi ba. Ya ɗora shi a kan yatsu uku ya ƙwanƙwasa bakinsa da farce, ƙarar ta fito a dushe kamar an buga kasko, sannan ya kife shi ya tsoma yatsa a ruwa ya ɗiga a gindin inda babu shafe, muna kallo ruwan ya shige cikin yumɓun nan take ya bar duhu. Sai ya miƙo hannu ya ɗauko wani kofinsa ya yi masa haka, ƙarar ta tashi siririya tana ta amo, ɗigon ruwan kuma ya zauna a kai ƙyam bai shiga ba. Yace min, ɗana, wutar da ta gasa kwanonka ba ta kai ta narkar da toka ba, balle ta mayar da yumɓu dutse. Wallahi abin ya yi min ciwo ranar, ba don kuɗin kaɗai ba.

To a nan na fara gane bambancin. Tukunyar da iyayenmu ke gasawa a fili da kara da ciyawa da itace, zafinta bai cika wuce digiri 600 zuwa 900 ba, shi yasa jikinta ke da ƙananan ƙofofi, randa ta riƙa zufa ruwa ya yi sanyi. Shi kuwa tangaran mai ƙarfin dutse sai an kai shi wajen digiri 1250 zuwa 1300 a rufaffen tanderu, a wannan zafin yumɓun ke haɗe jikinsa ya toshe, kuma a wannan zafin ne toka, tokar murhu da kowa ke sharewa ya zubar a bola, take narkewa ta zama gilashi. Wannan shafen mai ƙyalli shi muke cewa gilez a wajen aiki.

Kuma hatimin nan da aka yaudare ni da shi yana da asali fa. Michael Cardew, Baturen Ingila da ya koyi aiki wajen shahararren magini Bernard Leach a garin St Ives, ya taɓa zama a Gana yana gasa tangaran a Vume, sannan a 1950 ya zo Najeriya a matsayin jami'in tukwane na gwamnatin mulkin mallaka, ya kafa cibiyar koyar da aikin a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. A fadar Sarkin Abuja Suleiman Barau ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, domin shi Sarkin ya riga ya tara su, kuma a 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Kayan cibiyar ana buga musu tambarin Abuja da haruffan Larabci, maginin kuma ya buga nasa, nata LK ne. Duk na haddace wannan tarihin tun kafin in taɓa laka, na san an ba ta digirin girmamawa a ABU Zariya a 1977, na san ta rasu a 1984, na san ita ce a bayan naira ashirin. Tarihin na sani, tukunyar ce ban iya kallo ba.

Aikin farko da Malam ya ba ni ba gini bane, ko kusa da keken juya laka bai bar ni na je ba sai da na yi wata biyu. Toka ya sa ni tarawa. Ina zuwa gidan burodi da asuba da buhu in kwashe ta bakin tanderu, in dawo in tankaɗe da rariya in fitar da gawayi da ƙusoshi da tsakuwa, in jiƙa a baho, in bari ta kwanta, in tsiyaye ruwan saman, in sake zuba wani, sau uku sau huɗu. Ruwan farkon nan santsi gare shi kamar sabulu, kuma ai shi ne ruwan tokar da kakanninmu ke tacewa su sa a miya ko su haɗa sabulun salo da shi. Ranar farko na sa hannu haka nan babu safar roba, kafin la'asar fatar yatsuna ta yi fari ta fara daddarewa, sati guda ina alwala da raɗaɗi. Garin tokar ma idan ana tankaɗe dole a rufe hanci, ƙurar ba ta da kyau ga huhu ko kaɗan.

Kuma toka ba ta da auki. Kilo ɗari na busasshen itace da ƙyar ya bar maka kilo ɗaya ko biyu, idan ka wanke ta ƙara raguwa. Ɓuntun shinkafa ne mai yawan toka, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin ya zauna a kaina shi ne wai toka ba abu ɗaya bace. Duk abin da bishiya ta tsotsa daga ƙasa tsawon rayuwarta wanda wuta ba ta iya cinyewa, shi ke saura, kalsiyam da fotash da magniziyam da silika da ɗan fosfaras da ɗan ƙarfe, kuma kowace shuka da irin rabonta. Tokar itace kalsiyam ya fi yawa a cikinta, shi ke sa gilez ya narke ya yi ruwa ya gangaro yana tsiyaya layi layi kamar ruwan sama a jikin bango. Tokar ɓuntun shinkafa kuwa kusan dukkanta silika ce, taurin kai gare ta, ba ta son narkewa, idan ka haɗa ta daidai sai ta ba ka fari mai kauri kamar kindirmo, irin wanda Japanawa ke kira nuka, idan ta yi yawa kuma kwanon ya fito a bushe yana kartar hannu. Ko bishiya iri ɗaya ce, tokar ɓawo daban da ta cikin itacen, wadda ta tsiro a fadama daban da ta kan tudu. Akwai wata Baturiya ɗalibar Leach, Katharine Pleydell-Bouverie, da ta shafe shekaru a Coleshill tana ƙona itatuwa da ciyayin gonar gidansu kala kala tana gwada tokar kowanne tana rubutawa a littafi. Da na ji labarinta sai na daina jin haushin littafin da Malam ya tilasta min riƙewa, inda kowane buhu sai na rubuta daga ina, wane wata, itacen me, wanki nawa.

Haɗin da muka fara da shi sananne ne a wajen masu wannan sana'a, kashi 40 toka, kashi 40 garin dutsen felsifa, kashi 20 yumɓu. Daga nan kake matsawa, ka ƙara nan ka rage can, kowane haɗi ka shafa a ɗan guntun laka mai lamba a baya ka sa a tanderu ka jira. Jiran nan ba ƙarami bane, tanderunmu na itace ne, a kwana a yini ana zuba masa, sannan a toshe shi kwana biyu ya huce, kuma ba kowane wata ake kunnawa ba. Wato tambaya ɗaya kake yi wa wuta ta ba ka amsa bayan sati shida.

A gashi na uku da na sa kayana na yi ɓarnar da ban manta ba. Tokar gidan burodin ta ƙare, na karɓo wata a wajen mai suya na unguwarmu, na wanke sau ɗaya kawai saboda sauri, ban gwada a guntu ba na tsoma kofuna goma sha biyu, kuma na shafa da kauri har kusa da gindi. Da aka buɗe, tara daga ciki gilez ɗin ya zubo ya manne su da faifan tanderu, sai da guduma da kurfi aka ɓamɓare, faifai biyu suka lalace, kuma faifan nan tsada gare su. Malam bai yi faɗa ba, ya dai ba ni dutsen wasa yace in goge faifan da hannuna, kwana uku ina yi. Amma a rana ta ƙarshe ya zo da ɗaya daga cikin ukun da suka tsira ya zauna kusa da ni ya nuna min cikin kofin, inda gilez ya taru a ƙasa ya yi wani shuɗi-shuɗi mai hazo kamar sararin sama da hunturu. Yace tokar mai suya ba ta rasa ƙonannen ƙashi, ƙashi kuma fosfaras ne, yana ganin shi ya kawo wannan. Kofin nan shi nake shan shayi da shi yanzu.

Sai kuma maganar iska, wadda ita ma sai da na tsaya a bakin wuta na yarda. Gilez ɗaya, daga bokiti ɗaya, idan wutar na samun iska sosai ɗan ƙarfen da ke cikin tokar sai ya ba da ruwan zuma ko ruwan ƙasa, idan aka matse iskar aka cika itace har hayaƙi ya yi baƙi harshen wuta na leƙowa ta kowace kafa, wutar sai ta koma zaro iskar daga jikin gilez ɗin, ƙarfen nan ya juya kore, koren ruwan tafki. A tanderu ɗaya ma kofin da ke gaba da na baya ba sa fitowa iri ɗaya. Kuma itacen da ake zubawa shi ma tokarsa na tashi ta sauka a kafaɗar tukunya ta narke a wurin, ta haka ma aka gano abin tun farko a ƙasar Sin, zamanin daular Shang, sama da shekara dubu uku da suka wuce. Magina na Shigaraki da Bizen a Japan har yau da yawansu ba sa shafa komai, kwanaki suke yi suna wuta su bar tokar ta yi aikinta.

Akwai abin da ke ɗan taɓa min zuciya game da randunan Ladi Kwali. Ta gina su da hannu yadda Gbagyi ke yi, ta zana ƙadangare da kada da kunama da kifi da tsuntsu a jiki, aka cike zanen da farar laka aka lulluɓe da gilez aka gasa da babbar wuta. Sun yi kyau iya kyau, an baje su a Landan a ƙarshen shekarun 1950 mutane suka yi ta rububi. Amma sun yi nauyi da ɗauka zuwa rafi, kuma tunda jikin ya toshe ba za su sanyaya ruwa ba. Randar da ke tsakar gidanmu wadda Inna ta saya a kasuwar ƙauye ta fi su iya aikin randa. Ba wai ina rage mata komai bane, har gobe idan na ga aikinta tsigar jikina tashi take, hannun da ya ja layukan nan babu gyara babu kuskure ba ƙaramin hannu bane. Kawai dai na daina ganin gilez a matsayin ƙarin girma ga tukunya, wani abu yake ba ta ya karɓe wani.

Yanzu idan zan sayi abu gindinsa nake fara juyawa, ba don hatimi ba, don in ga launin yumɓun da yadda aka yanke ƙafar, in ga inda gilez ya tsaya, domin wanda ya san tokarsa yakan bar ta ta gangaro ta tsaya dab da ƙafa ta yi ɗan ƙullutu kamar hawaye. Ina juya shi a rana in nemi gefen da ya fuskanci wuta. Ina duba inda shafen ya yi siriri a baki da inda ya taru a cikin zane, a nan launin gaskiya yake. 'Yan tsage-tsagen nan kamar gizo-gizo a cikin gilez ba karyewa bane, gilez ɗin ne ya fi yumɓun tsukewa wajen hucewa, ina son su a tulun ado amma kwanon miya na fi son mara su. Kuma kusan duk abin da na saya a shekara biyun nan daga hannun magina masu rai ne, a Bwari da hanyar Kaduna, inda zan iya tsayawa in ce Oga wannan tokar mene ce, ya faɗa min ko ya yi dariya yace sirri ne. Kayan nawa ba su wuce ashirin da biyu ba har da kwanon bogin.

Da na je gida bayan girbi na roƙi Inna ta riƙa ware min tokar karan dawa zalla, kar a haɗa da ta itace ko leda. Ta yi ta mamaki tana cewa ita dai miya ta san ana yi da ita, amma ta tara min rabin buhu. Na wanke rabi sau uku, rabi na bar shi haka, na yi haɗi takwas a guntaye, lamba 61 zuwa 68 a littafina. Kara dangin ciyawa ne don haka ina sa ran silikarsa za ta fi ta itace, watakila ya fito da kauri ya ƙi gudu. Malam yace in sa huɗu a gaba kusa da wuta huɗu a can baya, ranar Asabar ta sama za mu kunna.