Lungun da aka tsaga litiyam a Kambirij

Jirgin ƙasa daga Landan zuwa Kambirij bai kai awa ɗaya ba, amma kuɗin tikitin sai da ya sa na yi salati. Na sauka ina zaton zan tarar da katafaren gini mai shinge da masu gadi. Ina! Tsohon ɗakin binciken kimiyya na Cavendish, wanda na zo gani, a wani ɗan lungu yake, Free School Lane, irin wanda a unguwarmu ko mai kura sai ya yi dabara kafin ya wuce. Ga kekuna ta ko'ina, masu su ba gafara ba sannu, sai dai ka ji ƙararrawa a ƙeyarka.

Wani dattijo, tsohon malamin kimiyya, ya gan ni ina leƙe-leƙe. Shi ya nuna mini kadan da aka sassaƙa a bangon ginin Mond, wani ɗakin bincike a harabar. Kapitza, wani masanin kimiyya ɗan Rasha, ne ya sa aka yi shi, don "Kada" yake yi wa Rutherford, shugaban Cavendish na lokacin, laƙabi. Daga nan ya ja ni gidan shayi, ya hana ni biya, ya zaro biro yana zane a bayan rasit.

Ya ce a Cavendish ɗin ne, a Afrilun 1932, masana biyu, Cockcroft da Walton, suka harba firoton (wani ɗan ɓangare na ƙwayar zarra) a kan ƙarfen litiyam da lantarki mai ɗaruruwan dubban bolt. Duk ƙwayar zarrar litiyam da firoton ya shiga sai ta tsage gida biyu, kowane ɓari ya zama sinadarin hiliyam. Na ce, "Baba, to ƙarfin da ya fito fa, da me aka auna?" Ya yi dariya. Walton a cikin ɗan akwati ya duƙa, cikin duhu, yana kallon tartsatsin da ɓarin ke yi a kan allo ta madubin ƙara girma. Sai a riƙa jera siraran fallayen mika (wani dutse mai ɓarewa falle-falle) a gaba har tartsatsin ya ɗauke. Kaurin da ya tare su ya nuna ɓarin na tafiyar kimanin santimita 8 a iska, wato kowanne na ɗauke da kusan MeV 8.6 (MeV ma'aunin ƙarfi ne), biyun sun haura 17. Da aka lissafa nauyin da ya ɓace, sai ga shi ya yi daidai da lissafin Einstein na yadda nauyi ke komawa ƙarfi. Kyautar Nobel kuwa sai a 1951 ta zo musu.

Da yamma wani mai gadin kwaleji ya kore ni daga kan ciyawa kamar na taka masa gona. Kwalekwalen kogin Cam na ji kuɗinsa na haƙura. Ruwa ya sauko, na nufi tasha.